Akori-Kurar Katako Sak Ta Dogo

Wani ne a Gumel, kafinta, shekarun nan da aka ba mu sabuwar jiha. Hannu kam Allah ya ba shi. In ya yi maka benci, sai dai ka gaji da ganinsa ka kyautar. Inda aka rage masa kaɗan shi ne wajen jin shawara: duk wanda ya yi masa magana ta ƙarshe, shi ne mai gaskiya.

Ba shi da shago. A gindin wata darbejiya yake aiki. Da damina ruwa ya jiƙa masa katako ya lanƙwashe, da rani gara ta hau, awakin unguwa kuwa sun mai da gwangwanin gam ɗinsa abin lasa. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai. Kullum addu'arsa ɗaya ce, ya samu ɗaki mai rufin kwano da ƙofar da zai datse da kwaɗo.

Ana nan sai aka yi shela za a yi bajekolin masu sana'ar hannu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wanda ya zo na ɗaya, shago za a ba shi a sabuwar kasuwa. Mutumin naku ya rasa abin da zai ƙera, ya yi ta zagaya darbejiya yana sosa ƙeya.

Sai ga maƙwabcinsa Edward, ma'aikacin gwamnati mutumin Pankshin, ya zo da wata motar wasa ta roba da ya sayo a kasuwar Maigatari, irin wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot mai eriya. Matarsa Justina ta sauke turmi a kan motar, bodin ya rugurguje.

"Oga kafinta, wannan za ta gyaru kuwa?"

Ya juya ta, ya danna rimot, tayoyin suka motsa. Ya ce, "Jiki ya tafi, amma rai yana nan. Ka bar mini ita, Oga Edward. Wallahi shagona ka kawo mini."

Akwai wani direba a tasha, Dogo, mai wata tsohuwar akori-kura da yake jigila da ita daga Gumel zuwa Sule Tankarkar har Ɗanzomo. Ita kafinta ya zaɓa zai kwaikwaya. Kwana uku yana shiga ƙarƙashinta da abin awo, duk ƙafa guda ya mai da ita inci guda. Ya yanka farin katako siri-siri ya haɗa bodi. Ya yi sifirin da ƙarfen tsohuwar lema. Ya fafe tayoyi daga robar silifa, ya tsattsaga musu haƙora. Fitilu kuwa ƙwan tocila ne guda biyu. Edward ya taya shi haɗa wayoyi, suka rage mata gudu suka ƙara mata ƙarfi.

Wata biyu ya yi a kanta. Ranar da ya gwada ta, unguwa ta taru. Ta hau tulin yashi a hankali, ta sauka. Ta taka saiwar darbejiya, taya ɗaya a sama, ta wuce. Ta haye bulo biyu, ko tari ba ta yi ba. Edward ya yi ta tafi yana cewa, "Ka ɓoye ta sai ranar. Kada ka ƙara mata ko ƙusa ɗaya."

Ina, ai bai ji ba. Shi so yake masu abin su ce ita ce. Saura mako guda, ya rungume ta ya nufi tasha.

Direbobi suna zaune a benci, ya dire ta gabansu. Dogo ya sunkuyo, ya buɗe ƙofarta da ɗan yatsa, ya rufe. Ta ce ƙyas. Ya ɗago yana kallon kafinta.

"Wannan ta waye?"

"Taka ce mana, Oga Dogo."

"Tawa? Ka taɓa ganin ƙofata ta rufu ba igiya? Kuma wannan gilashin, ina tsagar? Kunna fitila mu gani." Ya kunna, duk biyun suka kama. Tasha ta ɗauki dariya. Dogo ya ce, "Malam, a ina ka taɓa ganin akori-kura mai ido biyu? Wannan motar 'yan Kano ce."

Kunya ta rufe shi. Ya koma gindin darbejiya, ya ɓalle marfin ƙofa ya ɗaure da zare. Ya sa ƙusa ya tsaga gilashi tun daga sama har ƙasa. Ya kashe fitilar hagu. Ya kankare fenti, ya shafa mata jar ƙasa ta zama tsatsa. 

Kashegari ya koma. Dogo ya ce, "To, yanzu an fara magana. Tuƙa mu gani." Ya danna, mota ta nufi tudun rairayin da ke bayan tasha, ta haye ba ta ko waiwaya ba.

Direbobi suka kalli juna. Can wani ya ce, "Ba ta kafe ba."

"Ai ba ta kafewa," in ji kafinta, yana washe baki.

Dogo ya dafe kai. "Ba ta kafewa! Ni da nake kafewa sau huɗu kafin Ɗanzomo, in an yi sa'a? Dubi tayarka, haƙora zaƙo-zaƙo. Je ka shafa tawa, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Kuma ina kaya? Ina fasinja? Wa ya taɓa barin tasha wayam haka?"

Ya koma ya sa samfefa ya goge haƙoran tayoyi sumul. Ya ɗinka 'yan buhuna ya cika su da gero na gaske. Ya sassaƙa fasinjoji goma sha tara, da akuya biyu, da wata tsohuwa riƙe da kaza. Ya jibga su har lodin ya ninka tsayin motar. Ya tuna ta Dogo a karkace take tafiya, sai ya karya sifirin ɗaya na dama.

Rana ta uku, Barau makanike yana wurin, shi ne mai gyaran motar Dogo tun tana da ƙuruciya. Kafinta ya danna rimot. Mota ta yi nishi, ta ja jiki taku uku, ta nutse a rairayi tana tono. Direbobi suka miƙe tsaye.

"Allahu akbar! Ita ce!"

Daɗi ya kama kafinta har ƙwalla ta taru masa. Barau dai bai tashi ba, goro yake ci. Ya ce, "Tsaya tukuna. Wa ya tayar da ita?"

"Ni, da wannan maɓallin."

"Da kanta ta tashi ke nan? Batir gare ta?"

"Guda shida ma."

Barau ya tofar da tuƙa. "Shida! Motar Dogo rabonta da batir tun muna jihar Kano. A gangare yake ajiye ta, fasinja su tura. Ni ba ruwana, amma in ka kai wannan gaban manya, duk wanda ya san mota zai ce ƙarya ka ƙera."

Nan take ya kifa ta, ya zazzage batiran, ya miƙa wa mai shayi ya sa a rediyo.

Da Edward ya ga abin da motar ta koma, sai da ya nemi wuri ya zauna. "Oga kafinta, me ka yi? Don Allah ka mai da batiran, ko su kaɗai!"

"Oga Edward, kai aikin ofis ka sani. Wannan maganar mota ce, masu ita sun duba."

Ranar bajekoli aka cika filin wata makarantar firamare. Ga masu saƙa, ga maƙera, ga dukawa. Kafinta ya tara ɗan tudun yashi gaban teburinsa, direbobin tasha suka jeru bayansa. Babban baƙo, wani mai muƙami daga Dutse, ya iso da babbar riga tana ƙamshi. Ya tsaya, ya gyara tabarau.

"Wannan ce aka ce mini tana hawa tudu da kanta? Bismilla, mu gani."

Kafinta ya zare eriyar rimot har ƙarshe, ya gyara tsayuwa, ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, yana karkata kafaɗa irin ta direbobi.

"Lafiya?" in ji babban baƙo.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Turi take jira."

"Turi? Wa zai tura?"

"Ai wanda ya fi kusa da ita, ranka ya daɗe. Ni ina kan sitiyari."

Mutumin ya duba hagu da dama, ga mai ɗaukar hoto ya saita shi. Ya tattare hannun riga, ya durƙusa, ya tura. Mota ta tafi taku ɗaya, ta kafe.

"A ƙara, ranka ya daɗe, ta kusa kamawa!"

Ya ƙara. Ta karkata dama, zaren ƙofa ya tsinke, lodi ya kife. Gero ya cika masa takalmi, tsohuwa mai kaza ta faɗa cikin aljihun rigarsa. Direbobi suka ɓarke da sowa, Barau har da jefa hula sama. Babban baƙo ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya wuce tebur na gaba.

Da aka zo sanarwa, wani mutumin Gagarawa mai saƙa kejin kaji aka miƙa wa makullin shago.

Kafinta ya tsugunna yana tsince fasinjojinsa daga yashi, hawaye na zuba. Dogo ya zo ya dafa shi yana cewa wallahi bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kafinta ya ture hannunsa.

"Ka cuce ni, Oga Dogo! Duk abin da kuka ce na yi. Na mai da ita taka sak, ga shi na rasa shago!"

Dogo ya ce, "To ni da nake da ta gaskiyar shekara goma sha biyar, ka taɓa ganina da shago?"