Yadda Na Nemo wa Yusuf Herrera Gwaggo

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a falona na unguwar Madain Fahd a Jidda ba, ranar da na tara mata don su ga basirata. Ni ban shiga makaranta ba, iƙamata ma, takardar zamana a Saudiyya, da hoto nake gane ta, wannan kuwa faɗa nake ana rubutawa. Amma a unguwa an san ni da ido. In an zo neman auren yarinya, ni ake turawa bincike. Na taɓa hana wani aure saboda yadda na ga uwar yaron ta watsar da takalmanta a ƙofar mutane (kuma daga baya kowa ya ce na yi gaskiya).

To, sai abin ya zo gidana. Autata Ruƙayya tana aiki a kantin magani. Wata rana ɗana na fari (ba na kama sunansa, mu ce Babba) ya dawo daga tashar jiragen ruwa inda yake aiki, ya zauna a gefen tabarmar sallata yana murza hula.

"Inna, akwai abokin aikina, injiniya ne. Ya daɗe da musulunta, sahu ɗaya muke sallah. Yana son Ruƙayya, ita ma ba ta ƙi ba. Mutumin Asbaniya ne, can Turai, sunansa Yusuf Herrera."

"Ɗan gidan wa?"

"Herrera, Inna."

"Na ji. Su wane ne Herrera? Ina gidansu? Wa ya san kakansa?"

A nan Jidda suna gida ne. Ka ambaci sunan dangi, tsofaffi su gaya maka lungunsu a Balad, tsohon gari, da sana'ar kakansu, da wanda ya taɓa sakin mace a cikinsu. Shi wannan yaro ba wanda ya san masa lungu. Na ce ba zan ba da 'yata ga mutumin da ya sauko daga jirgi shi kaɗai ba, sai na ga mace ɗaya daga danginsa, na zauna da ita, na ga yadda take cin abinci. Babba ya ce uwarsa ta tsufa ba ta iya tafiya, amma ga waya, za mu ga juna. Na ce ba a binciken gida ta gilashi. Ya ce kafilin yaron, wato wanda ya ɗauko shi aiki, zai mayar da shi wani gari bayan Babbar Sallah, in ba a tsayar da magana ba shi ke nan. Na ce to shi ke nan ɗin. Tun rasuwar mahaifinsu maganata ce ta ƙarshe. Sai dai na lura farantin Ruƙayya yana komawa kicin yadda ya fito.

Bayan kamar sati biyu na je wani ƙaramin asibiti a Sharafiyya auna hawan jini. Ina zaune sanyin na'ura yana lallaɓa ni, na fara gyangyaɗi, sai na ji an ɗaga murya: "Sista Herrera!" Na farka tar. Wata 'yar gajeriyar nas ta fito da sauri, mace mai kamar shekara hamsin, ita ce ma ta ɗaura mini abin awo a hannu. Luz ake kiranta.

Kada ku ce ban san fuskar mutanen Filibin ba, na tsufa a cikinsu. Amma na yi tunani irin namu. Kakana ya bar Haɗeja da ƙafa, ya haifi ubana a Sudan, ni aka kawo ni Jidda ina amarya, ɗan ƙanena yana Faransa. Dangi yawo suke yi, fuska kuma tana bin ruwan da aka sha. Na tambaye ta da guntun Larabcin da muke fahimtar juna:

"Herrera gida babba ne?"

"Babba, Mama! Da yawa, da yawa."

"Har a Asbaniya akwai ku?"

Ta yi dariya. "Mama, ai Asbaniya can ne asali."

Halas. Na ce a raina Allah Ya kawo mini har inda nake zaune. Ban ambaci Yusuf ba, don bincike ba a yin sa da sanarwa, kana kama sunan yaro dangi za su gyara fuska. Likita ya ce in riƙa zuwa wata-wata, na koma zuwa duk sati da ƙaryar jiri. Na ga yadda wani tsoho ya daka mata tsawa, ta bar shi ya gama, sannan ta gyara masa takalmin da ya zame. Na leƙa na ga cin abincinta, 'yar shinkafa da kifi, ba ta cika baki, ba ta barin ƙwaya. Na sa Babba ya nuna mini hoton yaron a waya, na duba da kyau, na ga haɓarsu iri ɗaya ce sak. (Shi dogo ne ja mai dogon hanci, ita kuwa da ƙyar ta kai kafaɗata. Amma haɓa ba ta ƙarya, in ji ni.)

Daga nan na fara gina gidan Herrera. Kullum bayan azahar sai in sa turaren wuta, in kishingiɗa, hayaƙi yana hawa a hankali, gidan yana tashi a cikinsa. Dogo ne kamar tsofaffin gidajen Balad, da tagogin katako masu ido-ido, teku yana lasar dakalinsa. A tsakar gida akwai wani tsoho mai farin gemu yana raba 'ya'yansa a jiragen ruwa, wannan gabas, wannan yamma, kowa ya riƙe sunan kamar guzuri. Mata suna taje gashi a inuwar zaitun. Ina ganin Ruƙayya tana saukowa daga bene da farin mayafi, jikokina suna bin ta suna Hausa da wani irin harshe mai karkarwa. Wani lokaci kogin garinmu Mai Wurno na Sudan ma sai ya ratso ta tsakar gidan, in hango mahaifiyata a bakinsa tana wanki, ta ɗago ta ce mini, "Gidan kirki ne, ba su." Sai kiran la'asar ya tashe ni ina murmushi ni kaɗai.

Na shiga yi wa Sista Luz hidimar surukai. Na kai mata dambun nama har sau uku, na kai kwalbar humra haɗin hannuna, na kai turmin atamfa. Takan rungume ni ta ce, "Mama, me ya sa?" Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce ba komai, a raina ina yaba mata: dubi kawaici, ta gane amma ba za ta fara faɗa ba.

Da wata biyu suka cika na ce wa Babba, "Ka gaya wa yaron ya zo Juma'a bayan la'asar. Na gama bincike." Ya ce da wa na yi binciken, na ce ya jira ya gani. Na gayyaci Sista Luz, ranar hutunta ce. Na gayyaci matan unguwa, har da Hajja Zulai daga Ammariyya, aminiyata ta shekara da shekaru, wadda ba ta taɓa barin kuskurena ya wuce a banza ba.

Na shimfiɗa sabuwar darduma, na zaunar da baƙuwata a kujerar da ba na bari kowa ya hau, na fara zuba mata gahawa kafin kowa. Mata suna ta satar kallonta. Da falo ya cika na miƙe, na gyara mayafi.

"Jama'a, an ce yaron nan ba shi da kowa a Jidda. To ga gwaggonsa. Wata biyu ina binciken gidan, gidan mutunci ne. Na amince."

Aka rangaɗa guɗa. Sista Luz, da ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta tafa tare da kowa. Ruƙayya ta fito daga ɗaki da gudu, ta dubi baƙuwar, ta dube ni.

"Inna, min hadi? Wace ce wannan?"

"Yalla, koma ciki, marar kunya. Surukarki ce."

Kafin ta koma Babba ya yi sallama, mata suka ja mayafai, ya tsayar da Yusuf a bakin ƙofa. Yaron ya ce, "Ina wuni, Inna," da Hausar da aka haddace masa a mota. Na kawar da fuska kamar yadda ya kamata, na ce, "Babba, ka ce masa ya gai da gwaggonsa."

Babba ya dube ni, sannan ya faɗa masa. Yusuf ya dubi matar, ya yi mata wata doguwar magana da yarensu. Ta girgiza kai, ta amsa da Turanci. Ya sake magana, ta dafe ƙirji. Na ga Ruƙayya ta toshe baki da hannu biyu.

"Me suke cewa?"

"Inna, ba su san juna ba. Ba ta taɓa taka Asbaniya ba. Yarensa ma ba ta ji."

"To sunan fa? Da kunnena na ji!"

Yusuf ya yi bayani da Larabci a hankali, Babba yana cike mini gurbi. Wai Herrera maƙera ce, wurin da ake ƙera ƙarfe, kusan yadda Larabawa suke da Haddad. Kowane gari da maƙerarsa, don haka garuruwa barkatai suka fitar da masu sunan, ba wanda ya haɗa jini da wani. Daga baya jiragen ruwa suka haye da shi teku, yanzu a Meziko da maƙwabtanta ba a iya ƙirga su. Sista Luz ta ƙara da nata: kakarta ta gaya mata, zamanin da Asbaniyawa suke mulkin ƙasarsu wani gwamna ya aiko da littafin sunaye, aka bi gari-gari ana raba wa mutane. Kakan kakanta masunci ne, bai taɓa riƙe guduma ba.

Ina tsaye na ji gidan nan nawa yana rushewa, tagogi, zaitun, tsoho mai gemu, duk suka bi hayaƙin turare suka fita ta taga. Sai Hajja Zulai ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Ke Hajja, me aka rubuta a iƙamarki? Ba Hausawi ba? Mai tsiren bakin titinmu Hausawi ne, mai gyaran famfonku ma Hausawi ne. Yaushe za ki kai musu dambu?"

Falo ya kece. Ni kuwa a lokacin na tuna marigayi maigidana ya taɓa gaya mini yadda muka sami sunan: ma'aikaci ne ya tambaye shi yarensa, ya rubuta. Shekara nawa ina ɗauke da shi a jaka, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Dariyar ba ta yi mini zafi ba kamar abin da ya biyo baya. Da aka fassara wa Sista Luz komai, sai ta ajiye finjalin gahawa a hankali, ta ce, "Mama, ni na ɗauka sona kike yi kawai."

Kowa ya san amincewata a kan wannan matar na ɗora ta, ga shi matar ta zame. Ruƙayya ta tsaya jikin labule tana kallon bakina. Ni kuma na san halina, in na ji kunya faɗa nake yi. Har na buɗe baki zan ce an fasa, kowa ya tafi gidansa.

Sai Yusuf ya cire takalmi, ya shigo taku biyu, ya tsuguna a gaban Sista Luz irin tsugunon da Babba ya koya masa don ni. Ya ce, "Ammati," wato gwaggo, "ba ni da kowa a Jidda. In kin yarda, ki tsaya mini." Sannan ya juyo wajena, kansa a ƙasa. "Inna ce ta nemo mini, ba zan mayar ba."

Na duba gefen bakinsa, don nan dariya take ɓuya. Babu ita, ko ɗigo. Wata biyu ina binciken matar da ba ruwanta, ashe abin da nake nema minti ɗaya ya ishe shi.

Na ce, "Na riga na faɗa, ba na magana biyu. Zulai, rufe bakinki ki yi guɗa." Na je na kama hannun Sista Luz na ce, "Da ƙarya na fara, amma dambun na uku da gaske ne." Ta yi dariya tana share ido. Sannan na ce Babba ya kawo gilashin nan nasa.

Wata 'yar tsohuwa, mahaifiyar Yusuf, ta bayyana a wayar cikin baƙaƙen kaya, fuska a ɗaure, ta wuce ni da kallo tana duba labulena da tsabtar bangona. Nan take na ji ta kwanta mini. Ta nuna Sista Luz ta tambayi ko wace ce, Yusuf ya ce gwaggonsa ce. Tsohuwar ta ƙura mata ido, ta ce tun tana amarya ba wanda ya gaya mata mijinta yana da ƙanwa.

An ɗaura aure kafin Babbar Sallah, kuma gwaggon ango ce ta karɓi amarya, sanye da atamfata. Har yau ina kai mata dambu, yanzu ba da ƙaryar jiri ba. In an turo ni bincike kuwa, na koyi buɗe baki in yi tambaya kafin in kishingiɗa in gina wa mutane bene. Amma maganar haɓar nan, ku je ku duba da kanku. Iri ɗaya ce.