Yadda Ake Raka Suruki Filin Jirgi Mai Ƙofa Ɗaya

Ka daɗe kana cika wa dangin matarka baki cewa hawan jirgin sama a wurinka kamar shan ruwa ne, alhali ko matakalarsa ba ka taɓa takawa ba. Yau ƙarya ta ƙare. Likitan ido ya ba surukinka gobe da safe a babban birni, ranar da aka yi wata huɗu ana jira, kuma matarka ta ce a gaban kowa, “Ai ga gwani a gida, shi zai raka Baba.” Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbaci dattijon zai hau jirgi lafiya lau.

1. Karɓe fayil

Tun daga gida ka nuna wane ne shugaban tafiya. Miƙa hannu ka karɓe fayil ɗin asibiti, ka ce, “Baba, ku kawo nan, filin jirgi ba wurin wasa da takarda ba ne.” Zura shi a jakarka ta hannu, ka ja zif da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Matarka za ta ce, “Don Allah kada ka rabu da shi. In babu sakamakon gwajin nan likita ba zai taɓa idon ba.” Yi mata alkawari. Wannan kaɗai ne alkawarin da za ka cika.

2. Raina wurin tun daga bakin ƙofa

Filin jirgin garinku ɗaki ɗaya ne dogo, da fanka biyar, ɗaya ke juyawa, da kanti mai sayar da biskit da ya girme ka a wurin. Tsaya ka kama ƙugu, ka yi tsaki, ka ce, “Wannan ai tashar mota ce aka yi wa fenti.” Wanda ya ga duniya da tsaki ake gane shi.

Je wurin matar da ke ba da katin shiga jirgi. Za ta miƙa wa kowa nasa a hannu. Tambaye ta da murya mai kauri ta wace ƙofa za ku fita, ta bakwai ko ta takwas.

“Malam, ƙofa ɗaya ce,” za ta ce ba tare da ta ɗago kai ba. “Ga ta can, kusa da bokitin shara.”

3. Tuɓe kafin a ce

Ka gani a waya yadda ake yi a manyan filaye. Cire takalmi, cire agogo, zare bel, ka riƙe wando da hannu ɗaya. Na'urar binciken ta mutu tun bara, jami'in tsaro da hannu yake laluben jaka. Zai dube ka daga sama har ƙasa ya ce, “Malam, wa ya sa ka?” Ci gaba da riƙe wandonka. Surukinka ya riga ya wuce da takalminsa, yana jiran ka.

4. Kada ka tambayi kowa komai

Tambaya ta baƙauye ce. Kai allo za ka duba, wanda ke nuna jirgin shekaranjiya. In lasifika ta yi kakarin mai mura ta yi shiru, gyaɗa kai kamar ka fahimta.

Surukinka ba shi da irin wayewarka, don haka zai gaida mai shara har ya tambaye ta lafiyar gida. Ita kuma za ta jingine tsintsiya ta ce, “Baba, ku rabu da allon nan. In kun ga motar kashe gobara ta fita ta kori awaki daga titin jirgi, to ya kusa. Wani mai riga ruwan ɗorawa zai tsaya a ƙofa ya kira da baki. Ku tashi maza, jirgin nan ba ya zama.”

Yi dariyar da ta dace da matsayinka. Ka ce, “Baba, harkar jirgi ilimi ce, ba aikin awaki ba.”

5. Hau ɗakin manya

Jirgin zai makara awa uku, haka yake yi. A sama akwai ɗakin manya: kujera mai laushi, na'urar sanyi, ƙofa mai kauri da ba ta barin hayaniyar talakawa ta shigo. Surukinka zai ce, “Je ka, ɗana, gwiwata ba ta son bene. Ni nan kusa da ƙofa ya ishe ni.”

Ɗauki jakarka ka hau. Minti biyar kawai, don hoto. Ɗora ƙafa kan ƙafa, riƙe katin jirgi yadda zai fito sosai, aika wa ƙannen matarka. Sannan toshe kunne da waƙa ka lumshe ido. Babban mutum ba ya jiran jirgi a kan benci.

6. Ɗaga hannu

Za ka ji ƙara, ka ɗauka janareta ne. Da ka leƙa taga za ka hangi mutane sun yi layi a rana, can gaba kuma wani dattijo yana hawa matakala, matar kati na riƙe da hannunsa. Hular za ka fara ganewa.

Sauko da gudu. Ƙofa ɗayan nan da ka raina a rufe take, mai riga ruwan ɗorawa yana tsaye a gabanta.

“Sau uku na kira, Malam. Har na ce a hau a taso ka, Baba ya ce a ƙyale ka, wai kai gwani ne, ka san lokacin fitowarka.”

Tambaye shi yaushe wani zai tashi. Zai ce jibi, in ya zo. Mai yanar ido ya ga jirgi, kai mai ido biyu ka ga kujera. Ɗaga masa hannu ta gilashi, ko da yake ba zai gan ka ba.

7. Amsa wayar matarka

“Kun tashi?”

“Baba ya tashi.”

“Fayil ɗin fa?”

Dubi jakar da ke rataye a kafaɗarka. Gaya mata gaskiya, ba ka rabu da shi ba ko na minti ɗaya. Daga nan wuce tashar mota, ta ainihi, marar fenti. Za ka isa gobe da azahar, likita ya tashi, an rubuta wa surukinka wata rana bayan wata huɗu.

Dattijon ba zai yi maka faɗa ba, kuma wannan ya fi zafi. Kullum da safe dai zai aiko a ce, “A kirawo min gwani ya karanta min takardar magani, idona bai gani.”

Gargaɗi: na ce zai hau jirgi, ya kuwa hau. Fushin mata, dariyar ƙannenta da idon suruki duk ba sa cikin alkawarina, kada wanda ya zo min da ƙorafi. In ma ka zo da safe ba za ka same ni ba. Ina can ina karatun takardar magani, saura wata biyu.