Abin da Na Ɗauka a Bayan Zana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kasuwar da duniya ta san ni, ni kuma na rasa mai zama a tabarmata. Har yau in abin ya faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Balangu nake gasawa a kasuwar Sabon Birni, sana'ar da na gada. Mahaifina ne ya kafa zana a bayan rumfarmu, ya shimfiɗa tabarma, saboda Fulanin da ke shigowa da shanu daga wajen Burkusuma. Ba sa son a gan su suna cin abinci, balle a ce suruki ne ya gani. Sai su zagayo ta baya, su ci, su goge baki, su fito kamar masu azumi. Tun ina yaro na san haka (ku riƙe wannan, kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne).

A cikinsu akwai Buba, sa'ana. Tun da iyalina suka koma Sakkwato wurin dangi saboda halin da hanyoyinmu suke ciki, shi ne mutumin da nake hirar kirki da shi. Ranar kasuwa kawai yake zuwa, amma hirarsa takan riƙe ni har wata kasuwar. Sauran ranakun daga ni sai wayata, ina kallon masu naman Kano da Abuja a bidiyo, jama'a sun yi musu layi. Na ce to ni me ya rage ni? Wuƙata ma ta fi tasu kaifi.

Na ɗauki nama yana ɗigar da mai, na sa a intanet, ƙanen matata kaɗai ya kalla. Na ɗauki kaina ina yi wa kaina kirari, shi ma ya daina kallo. Rannan sai na leƙa bayan zana da waya a hannu. Buba ya ture malafa baya, ya cika kumatu, ido a rufe yana lasar yatsa, yana cewa, "Kai, naman ga ya yi, Allah shi jiƙan mahaifinka." Na ɗauke shi, ban gaya masa ba, na saki.

Abu ya tashi. Waya ta yini tana ƙara a aljihu. Daga Legas, daga Yamai, har daga Makka ana rubuto mini cewa "muna nan tafe". Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. An daɗe rabon da mutane da yawa haka su yi mini magana.

Da kasuwa ta zagayo na ƙara yanka, na aro benci, na sa rigar Sallah (mai gashin nama da farar shadda, ku ƙiyasta). Hantsi ya yi, azahar ta yi. Mutanen Legas ba su iso ba, bayan zana kuma ko kaza babu. Ina ganin Fulani na wucewa ta can nesa, kowa ya jawo malafa ya rufe fuska, na ce zafin rana ne.

Can na hango Buba a kara, wajen cinikin shanu, tsaye da wani dattijo mai farin gemu. Na bar wuta na ruga.

"Ga tauraronmu! Buba, ka san ka gama duniya?"

Na ƙure sautin waya, na tura ta tsakaninsu. Buba na cewa "bari, bari" a hankali, na ɗauka kunyar yabo ce. Dattijon ya duba sau ɗaya, ya ga kumatu, ya ga yatsa, sai ya juya ya hau tambayar kuɗin wani bijimi da ko na sayarwa ba ne. Wani dillali ya ja mini riga ya raɗa mini, "Kai, mi kaka yi? Surukinai na, uban matatai."

Na yi ta danna waya ta mutu, yatsuna duk maiƙo, ta ƙi ji. Bidiyon ya ƙare ya sake farawa. Sau nawa Buba ya yi wa mahaifina addu'a a gaban surukinsa, ban sani ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da farar shaddata zan shige.

Bayan la'asar ya zo, amma bai zagayo ta baya ba. A gaban rumfa ya tsaya kamar baƙo.

"Aboki, zanar ga da babanka ya kafa, ado ta?"

Na ce ya yi haƙuri, yanzu zan goge.

"Goge mi? Har ruga an gani, ɗiyana sun gani. Za ni gida, ban san da wace huska ba."

Bai ɗaga murya ba. Na so a ce zagina ya yi.

Na goge, amma bidiyon na nan yana yawo a wayoyin mutane. Shekaranjiya ma wata ta rubuto tana tambaya ko muna kai nama Legas. Fulanin sun koma wurin wani mahauci mai ƙaramar waya. Buba kan ɗago mini hannu daga nesa in mun haɗa ido, kuma kowace kasuwa ina ware masa tsokar da yake so, ko Allah zai sa.

Abin da na koya dai shi ne, masu danna mini alamar so ba sa cin nama, masu cin naman kuma ba sa son a gan su. In kasuwa ta watse, ni nake zagayawa bayan zanar in cinye tsokar Buba, alhali babu wanda nake ɓoye wa.