Rasuwar Gus, Tankin Kifin Hawa na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ke tafasa da haushin mutum uku, ni Marlene Szymanski ta hawa na uku nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi a nan Buffalo rasuwar tankina, Gus, mai cin ruwa galan hamsin da biyar. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da ƙarfe biyu na rana, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai minti huɗu ba.

Marigayin ya shigo gidan nan a ɓoye, kuma ba na jin kunyar faɗa. Takardar haya ta ce kada tanki ya wuce galan goma. Galan goma! Duk wanda ya taɓa kiwon siklid, dangin karfasan nan masu kyawun launi da baƙar zuciya, ya san kowannensu sai da kogonsa da filinsa, in ba haka ba kafin mako ya zagayo sun cinye juna. Na yi wa mai gida, Mista Pruitt, wannan bayani tiryan-tiryan. Ya dube ni ya ce, "Kifi ai kifi ne, Madam, ki zuba su a kwalba mana." Mutumin da ko furen roba zai mutu a hannunsa. Sai na naɗe Gus da bargo, aka hau da shi ta matakalar baya, na ce durowa ce.

Gus mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Wata goma sha huɗu yana ɗauke da duwatsu da yashi da 'yan daban kifaye tara, bai taɓa ƙorafi ba, in ban da ɓul-ɓul ɗin nan nasa mai sanyaya rai. Sau biyu Pruitt na shigowa gyaran famfo, na kashe injin iska, na lulluɓe marigayin da mayafin tebur. Ko tari bai yi ba. A zuwa na biyu har kofin kofi Pruitt ya ɗora a kansa.

Ciwon ajali ya fara da ƙas! Layi ɗaya siriri daga kusurwar hagu. Sai ɗis, ɗis, kafin in kawo tawul na ji fuuu, falo ya koma tafki. Ruwan ya bi ta ƙasan katako ya sauka a kan teburin Yolanda Birch ta hawa na biyu, daidai ta ajiye gasasshiyar kazarta. Matar nan da na ciyar mata da kyanwa mako biyu lokacin da aka yi mata aikin gwiwa ba ta hawo ta ce lafiya ba. Ina durƙushe ina tsintar kifi da hannu, ita tana waya da Pruitt.

Washegari na kai gutsuren gilashin shagon kifi aka auna kaurinsa. Ashe Gus ba tankin ruwa ba ne, gidan maciji ne, gilashinsa bai fi na taga ba. Na kira Dale Hofstetter, wanda ya sayar mini da shi a garejinsa yana rantsuwa da kabarin kakarsa. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ruwa? To ai ba ki ce ruwa za ki zuba ba." Me zan zuba, ɗan banza, gyaɗa? Gus, bawan Allah, ya shekara yana ɗaukar nauyin da ba a halicce shi dominsa ba, bai tona asirin kowa ba. Dale, Allah ya isa.

Marigayin ya tafi da biyu, ya bar bakwai, dukansu suna zaman makoki a bahon wankana. Cikinsu akwai Rocco, wanda ko ranar rasuwar bai fasa cizo ba, da Bernadette, wadda ke riƙe da ƙwanta a baki kamar yadda jinsinsu ke yi, kwana goma sha biyu ba ta ci komai ba, kuma duk faɗuwar nan ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ni kuwa wanka sai a wurin motsa jiki.

Jiya Pruitt ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, don ba shi da zuciyar ƙwanƙwasawa: ko kifi ko ɗaki, kafin ƙarshen wata. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin nan. Labulensa ni na ɗinka, a tagarsa nake hango babban tafkin garinmu idan gari ya yi haske, kuma wallahi ina son sa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe a bakin titi, idan motar shara ta iso. Pruitt da Yolanda da Dale su yi zamansu, an yafe musu tattaki. Daga nan masu rakiya za su wuce da iyalan marigayin garejin ƙanwata a Cheektowaga, inda aka shimfiɗa mini katifa kusa da injin yanke ciyawa. Mabuɗin ɗaki zan jefa a akwatin wasiƙun Pruitt a kan hanya.

Ba a karɓar fure. Mai niyyar ta'aziyya ya zo da bokiti mai murfi, huɗu nake nema.