Yadda Na Zama Kawun Tsohon Shugaban Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka nuna ni ga jama'a a matsayin kayan tarihi, har da ɗaukar hoto. Ko yanzu na tuna sai zufa ta karyo mini, duk da cewa abin alheri ya zame mini.

Lokacin ina neman auren Luba, 'yar unguwar Damba a Gusau. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura baffanta Alhaji Sambo, wanda aurenta ke hannunsa tun rasuwar mahaifinta. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya ɗaga murya, kuma ya riga ya yanke mini hukunci. Luba ce ta kawo mini maganarsa yadda take: "Yaron ga ba shi da laihi, amma rawar kai ta yi mai yawa. Wanda bai iya zama wuri guda, ƙaƙa za shi riƙe gida?" (Bai yi mini ƙage ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi, kafin ya gama amsawa na miƙe na gyara masa labule, na juya fanka, na kuma karya masa eriyar rediyo garin nemo masa tasha.)

Ana nan sai dama ta samu. Alhaji da abokansa 'yan fansho suka shirya ziyara zuwa hubbaren wani tsohon shugaban ƙasa, wanda gwamnati ta gina masa a garinsu don tunawa da shi. Direbansu ya kwanta zazzaɓi, na yi caraf na ce ni zan tuƙa su. Niyyata in yini a gaban Alhaji cikin natsuwa, ya gani da idonsa.

Da na je Nahuce na gaya wa kakata, sai ta ƙare wa shaddata kallo ta taɓe baki. "Ba ka shiga cikin manya da wagga 'yar riga." Ta buɗe adudu ta ciro babbar rigar saƙi ta mahaifinta, wadda ta ce an saƙa tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ta haɗa mini da hula haɓar kada. Rigar tana da kyau, ban musa ba, amma nauyinta kamar jiƙaƙƙen bargo. Kafin mu kai Tsafe na jiƙe sharkaf. A nan muka tsaya shan fura, Alhaji ya kama hannun rigar ya murza, ya ce, "Rigar ga ta ga duniya." Wannan ce kaɗai maganar da ya yi mini har muka isa.

Rana ta take muka isa. Ginin kam ya cancanci a je a gani. Daga waje ba ado, dogayen bangaye ne na kankare kawai. Ana shiga ta wani siririn lungu mai duhu, kana tafiya kana lalube, mai yi mana bayani ya ce wannan shi ne zamanin wahalar da ƙasa ta sha. Can sai lungun ya sake ka cikin wani fili mai faɗi wanda ba rufi, haske ya dalle maka ido. A tsakiya kabarin yake, ƙasa da 'yan duwatsu kamar na kowa. Na ga Alhaji ya cire tabarau ya share ido. Ni ma jikina ya yi sanyi, amma daga ciki kawai, domin daga waje rigar kaka dafa ni take yi.

Bayan an yi addu'a, mai bayanin (wani saurayi ne sabon ɗauka, ya haddace jawabinsa kamar karatun allo) ya ja su zuwa zauren hotuna. Ni kuwa na zame, wai in nemi inuwa in sha iska. A gefen filin na ga wani ɗan ɗakin ƙasa, kwafin ɗakin da aka haifi marigayin, zamanin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. An gina shi da tubali, an rufe da azara, an yi masa daɓe, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Ina sa kai na ji sanyi kamar na randa. Magina na dā sun san abin da suke yi.

An gitta igiya a tsakiyar ɗakin. Bayanta akwai gadon kara, da tukwane, da wani mutum-mutumi an naɗa masa rawani yana zaune kan buzu. Kusa da shi akwai wani buzun ba kowa a kai. Zuciya ta ce, ɗan zauna ka huta. Na tsallake igiya, na zauna, na jingina da bango, na jawo haɓar kada ta rufe mini rabin fuska. Barci ɓarawo ne.

Muryar mai bayani ce ta tashe ni, a cikin ɗakin, da duk tawagarmu a bayansa, har da wasu baƙi da suka biyo su. Na buɗe ido kaɗan ta ƙasan hula na hango takalmin Alhaji daf da igiya. Nan take na yi lissafi. Idan na miƙe, an kama surukin gobe ya tsallake igiyar gwamnati yana sharar barci a ɗakin shugaban ƙasa. Luba ta tafi ke nan. Sai na yanke shawarar da ta fi kowace wauta a rayuwata: na ƙame.

"Wannan mai rawani shi ne siffar mahaifin marigayi," in ji saurayin. Sai ya juyo wajena. Na ji idonsa a kaina. Haddarsa ba ta zo da ni ba. "Wannan kuma... kawunsa ne. Bai daɗe da zuwa ba."

"Kai, Turawa shaiɗanu na," in ji wani tsoho. "Dibi har gashin ƙahwa sun yi mai."

Aka shiga ɗaukar hoto. Wani ƙuda ya taso daga inda ban sani ba ya sauka a kan hancina, ya zaga, ya wanke hannu, ya gangara leɓe. Ban motsa ba. Tsohon nan ya miƙo hannu ta saman igiya don ya ji saƙar, ya haɗa da naman cinyata ya murza. Hawaye ya cika mini ido, ban motsa ba. Ni da ko a layin sallar Juma'a sai an harare ni saboda mutsu-mutsu! Na ji Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "To, mun gani, mu ba wasu wuri." Na ce a raina, Allah ya yi maka albarka, Baba. Har sun fara juyawa.

Sai ga Gwaggo Kulu, yayar Alhaji da ta biyo mu ziyarar, wadda ciwon gwiwa ya bari a baya. Ta iso bakin ƙofa tana dogara sanda, ta yi abin da duk mai tarbiyya yake yi idan zai shiga ɗakin mutane.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji kawun shugaban ƙasa.

Wallahi ban san lokacin da amsar ta fita daga bakina ba. Mai bayani ne ya fara kaiwa ƙofa. Tsohon da ya mintsine ni ya bi bayansa yana salati, ya bar takalmi ɗaya. Wata baƙuwa ta kurma ihu. Gwaggo Kulu, mai ciwon gwiwa, ba a cim mata ba sai a bakin lungu mai duhu. Aka bar ni daga ni sai mai rawani sai Alhaji, wanda ya dafa bango kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Masu gadi suka zo da zafinsu, suna maganar ofis da hukuma. Ni dai na durƙusa. Alhaji ne ya shiga tsakani, ya ba su haƙuri, ya roƙa kada a taɓa aikin saurayin nan mai bayani. Da shugabansu ya tambaye shi ko wane ne ni a wurinsa, sai ya ce, "Surukina na." Na ɗaga kai in ga ko wani ya shigo.

A hanyar komowa, da dariya ta lafa a motar sai wani ya tuntsire a sake sabon lale. Da muka tsaya sallar magariba a Tsafe, Alhaji ya kira ni gefe. Na ce, "Baba, don Allah a gafarce ni."

"Tun da na shiga ɗakin nig gane rigar," ya ce. "Ina kallon ƙudan nan. Ƙuda bai motsa ka ba, mintsini bai motsa ka ba, sallama ɗai ta motsa ka. Ka turo manyanka."

Alhaji ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ba da labarin nan a gabana ba, kuma ban daina gode masa ba. Sauran dangi dai ba su da wannan kawaici: har 'ya'yana Kawu suke kirana. Abin da na koya shi ne, idan mutum ya ga igiya a gitte ya tsaya inda aka tsayar da shi. In kuwa ƙaddara ta sa ya tsallake ya zama gunki, to ya roƙi Allah kada mai ladabi ya shigo.