Lakar da Goggo Ta Shafe Tukwane da Ita

Ba zan taɓa mantawa da sadakar ukun Baba ba, ko da yake na so a ce na manta.

Aikina binciken yanayin zamanin da ne. Nakan haƙo laka daga ƙarƙashin tsofaffin fadamu, in duba ƙurar furannin da ta maƙale a ciki, in gane lokacin da ruwa ya ƙafe har mutanen farko suka yi ƙaura. Ana gobe Baba zai rasu na dawo daga bayan Agwada da lakar da digirina na uku ya dogara a kanta. Dole ta zauna cikin sanyi, ɗakin bincikenmu kuma babu wuta, sai na naɗe ta a leda na cusa a firijin Inna a gidanmu na Liman Abaji (ban gaya wa kowa ba, wai ni a ganina darajarta a bayyane take).

Tun da aka fita da Baba ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Zuciyata ta bushe, har mata suka fara ƙus-ƙus.

Ranar uku da hantsi na leƙa madafa, na tarar da Goggo Asabe, ƙanwar Baba, tana shafe gindin manyan tukwane da laka don kada hayaƙi ya ɓata su. Ga ledata yashe a gefe.

"Wa ya ajiye ƙasa a firij, nama na neman wuri?" in ji ta. "Amma fa akwai laushi."

Na ƙwalla ƙara na zube. Mata suka rugo suka rungume ni, suna cewa, "Allah sarki, sai yanzu mutuwar ta dake ta." Da na yi shiru, da asirina ya rufu. Ina! Gaban dangi da maƙwabta na buɗe baki: "Wayyo lakata! Lakata!"

Inna, tana zaune cikin takaba, ta ɗago kai a hankali.

"Kwana uku ina jiran kukan nan naki," ta ce. "Ashe na ƙasa ne."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. A nan ne kukan Baba na gaskiya ya zo, na yi shi a cinyarta har la'asar.

Sai da rani ya zagayo na sake haƙo wata lakar. Amma na koyi abu ɗaya: in kuka ya zo miki a gidan makoki, yi abinki, kada ki yi masa bayani.