Ranar da Na Kai Sanduna Bakin Baraj

Ba zan taɓa mantawa da zaman rabon ruwan baraj (wato madatsar ruwa) ba, shekarar da na dawo daga Yamai da digirina na hulɗar ƙasashe, kaina ya kumbura kamar albasar da ta sha taki.

A jami'a na kamu da wata aƙida da ake kira reyalizim. A taƙaice, duniya ba ta da sarki, kowace ƙasa ƙarfinta ne gatanta, kuma ba aboki sai buƙata. Tsofaffin malamanta sun ce son mulki a jinin ɗan Adam yake. Na baya suka ce a'a, rashin mai raba gardama ne ke sa kowa barci da ido ɗaya. Su ma suka rabu biyu: masu cewa ka tara ƙarfin da zai kare ka ka tsaya nan, da masu cewa ka tara duk abin da hannunka ya kai. Ni na ƙarshen nan na bi (ni da ko keke ban mallaka ba).

Garinmu, can wajen Tabotaki, baraj ɗaya muke sha da wani gari na tsallaken kwari. Kafin dashen albasa masu garin biyu kan zauna su raba, wa zai ja ruwa da safe, wa da yamma. Safe kowa ke so, don kafin yamma ruwa ya ja baya, inji sai laka yake tsotsa. Bara su suka sha safe, bana namu ne.

Kawuna Isufu, shi ne mai garinmu, ya ce in raka shi in rubuta yarjejeniyar da Faransanci saboda meri, wato ofishin magajin gari. Aikin ke nan, rubutu. Amma na zaunar da shi na yi masa lacca: alkawari ba ya ɗaure mai ƙarfi, me zai hana su riƙe safe? Ya ce, "To, Mushe" (wato Malam a Faransanci), ya ci gaba da cin goronsa. Na ɗauka izini ne. Na tara maza ashirin da sanduna, na ɓoye su bayan gawo, ba don duka ba, don a gani.

Muna zama, mai garin tsallake, wani tsoho da ake kira Baba Mamman, ya dubi Kawu ya ce, "Bawana, bana ko ɗigo ba ka samu. In kana son ruwa, taho ka ɗaukam mini takalmi."

Kawu ya buɗe baki zai rama, ban bari ba. Abin da littafi ya faɗa ne ke faruwa a gabana! Na miƙe na ɗaga hannu, mazana suka fito. Na ce, "Baba, ku dubi bayana ku ƙirga. Mai ƙarfi shi ke shan safe."

Tsoho ya dubi sandunan ɗaya bayan ɗaya.

"Isufu, wanga ɗan wa na?"

Kawu bai ɗaga kai ba. Limamin garinmu ne ya ja mini riga, ya ce a hankali, "Zamna. Tobashinai na. Uwar kawunka ƙanwar ubanai ta." Wato wasan taubasai ne, da shi suke buɗe zaman duk shekara. Wato kuma mutumin da na kawo wa sanduna shi ma kawuna ne (tun ina shekara bakwai aka kai ni Yamai, amma wannan ba hujja ba ce). Na ji kunya har cikin ƙashina. Da na waiwaya, rabin rundunata sun durƙusa suna gaishe shi, surukinsu ne.

Baba Mamman bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara talatin muna wanga zama, ba a taɓa taho mini da icce ba."

Kawu ya ce, "A yi haƙuri, Yaya. Ku sha safe bana."

Haka aka tashi. Ni na rubuta da hannuna, da Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Albasarmu ta shekarar ba ta wuce ƙwan zabo ba, kuma babu wanda ya ce mini uffan, abin da ya fi zagi ciwo.

Har yanzu ina koyar da reyalizim, ban ce ƙarya ba ne. Sai dai nakan gaya wa ɗalibaina, kafin ka ƙirga sandunan mutum, ka fara tambayar wace ce uwarsa.